HAWAN DUTSI CIKIN HUNTURU: MAHALBI DA KARENSA A ƘASAR AREWA

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar kwalta wadda ta tashi daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram ya san wurin nan. Idan mota ta wuce Doso, ta bar Bolbol da Bureimi da Kore Mairuwa a baya, sai ƙasa ta fara sake kama, wasu jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai su riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce an daidaita tsawonsu da magwaji. Nan ne Dogon Dutsi, cibiyar ƙasar Arewa, wajen kilomita 275 daga Yamai, 137 daga Doso. Direba yakan tsaya tasha, fasinjoji su sauka su yi salla su nemi abin taɓawa, ɗan kasuwa ya tambayi kuɗin buhun wake, ma'aikaci mai tafiya aiki ya dubi agogo. Kowa ya ga dutsin da ya ba garin suna, amma ƙalilan ne suka taɓa hawansa. Ko a cikin ƴan gari akwai wanda aka haifa a gindinsa, ya yi furfura a nan, bai taɓa ɗora ƙafa bisa kansa ba.

Masu hawan sanannu ne: mata masu neman itacen girki, yara masu kiwon awaki, masu ɗibar tsakuwa da dutsin gini, sai kuma mahalba, waɗanda yawansu ke raguwa. Daga cikin waɗannan na ƙarshe akwai wani dattijo a ɗaya daga unguwannin bakin gari, ya ba shekara 60 baya, manomi ne da damina, da rani kuwa ba shi da sana'ar da ta wuce daji. Wanda ya bi sawunsa wuni ɗaya cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ya kai ƙarfinsa, zai ga abin da ba a gani daga tagar mota, ya kuma gane cewa lafiyar garin da ke ƙasa a rataye take ga abin da ke faruwa can bisa.

FITA DA ASUBA

Bayan sallar asuba yake shiri, kuma kayansa ba su da yawa: tsohuwar riga mai kauri, rawani da ya rufe hanci da kunnuwa, takalmin taya, kere a hannu, wuƙa a ƙugu, gorar ruwa da curin fura. Yakan shafa man kaɗe a leɓe da diddige, domin iskar lokacin tana tsaga fata kamar aska. Kafin ya gama, karen ya riga shi ƙofa. Ja ne siriri, mai dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki, irin karnukan farautar ƙasar nan da ba su tara kitse. Sunansa Barsu. Mahalba sun saba raɗa wa karnuka sunan habaici, yadda duk kiran da aka yi wa kare zai zama saƙo ga maƙwabci mai yawan magana.

Maganar kuwa ba a rasa ta ba. A garuruwan Hausa kare ba shi da farin jini: sunansa zagi ne, yara na jifarsa, mai gida na korarsa daga zaure, kuma tsoron haukan kare, cutar da ba ta jin magani idan alamunta suka bayyana, ya isa dalili. Amma malaman mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan jama'ar ƙasar nan ke bi, sun halatta riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da na gona, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta naman da horarren kare ya kamo wa mai shi, muddin an ambaci sunan Allah. Dattijon ya san wannan tun yana yaro. Ba ya barin karen ya kusanci tabarmar salla ko ƙwaryar sha, kaskonsa dabam yake a bayan rumbu, amma kuma ba ya kwana da yunwa: dusa da ƙanzo da abin da ya saura na tuwon dare duk nasa ne.

Sukan bar gari da duhu-duhu, su ratsa gonakin da aka girbe, su bi wata tsohuwar hanyar awaki har gindin dutsi. Duwatsun Arewa ba su da tsawon da za a kwatanta da na Ayar, inda ƙololuwar Bagzan ta haura mita 2000. A nan, tsakanin kwari da doron dutsi mita 100 ba ta cika ba. Masana ƙasa sun nuna cewa a can da yankin duka tudu ɗaya ne shimfiɗaɗɗe, ruwan wani zamani da ya fi na yanzu yawa ya yi ta cinsa, ya haƙa babban kwarin da ake kira Dallol Mauri, ya bar guntaye a tsaye, irin su Tozon Bijini, kamar shaidu. Mai hawa yana ganin haka da idonsa: a ƙasa laka mai taushi, fara da ja, a tsakiya dutsin yashi mai marmashewa a hannu, a can sama kuma baƙar marmara mai ƙarfe, wadda ta zama hula ta hana sauran zaizayewa. Daga irin wannan dutsi ne maƙeran da ke samun tama, tun kafin ƙarfen tsofaffin motoci ya cika kasuwa. Tsakuwar gangaren tana gudu ƙarƙashin ƙafa, saboda haka dattijon a karkace yake hawa yana dogara kere, karen kuwa ya yi gaba ya tsaya yana jiransa.

ISKA A BISA DORO

Muddin suna cikin gangaren yamma, dutsi ya tare musu iska, ba su jin komai sai ɗari. Da kai ya leƙa bisa doro sai ta tarbe su gaba ɗaya daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da rairayi mai sukar ido. Riga ta cika ta yi ta kaɗawa, rawani ya nemi kwancewa, hawaye ya zubo ya bushe nan take. Baƙo zai so ya juya mata baya. Mahalbi kuwa fuskantarta yake yi, don dalili biyu: ita ke kawo wa kare warin abin da ke gaba, ita ce kuma ke kwashe warin mutum da ƙarar takunsa ta kai baya inda babu mai ji. Wanda ya shiga daji iska na bayansa ya aika da labarin zuwansa tun bai iso ba. Tafiyar ma ba miƙaƙƙiya ba ce: sukan yanka dama su yanko hagu, karen na gaba da taki 30 ko 40. Kira ba ya amfani a irin wannan rana, domin murya na fita baki iska ta tafi da ita. Sai karen ya riƙa waiwayowa, mai shi ya nuna masa hanya da kere. Sammakon ma yana da dalilinsa. Da sanyin safiya wari ke kwanciya a ƙasa, idan rana ta ɗaga iska ta ƙara ƙarfi sai ta watsa shi.

Wannan iska daga nesa take. Tun daga Nuwamba har Fabrairu ko Maris takan taso daga Sahara, kuma babban rabon ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele yake, a arewacin Cadi, fiye da kilomita 1500 daga nan, inda wani makeken tabki ya ƙafe tun shekaru dubbai ya bar farin gari kamar toka. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna ƙurar tana ƙetare teku har dajin Amazon na Kudancin Amurka. Ranar da ta yi kauri, daga bisa dutsi ba a ganin komai na Dogon Dutsi sai kan hasumiyar masallaci da ƙarafan tarho. Tapkin Saw da lambunan gefensa su nutse cikin hazo, rana ta koma kamar farin faifai, ana iya kallonta ido da ido. Hunturu yana da alherinsa: shi ke busar da hatsi da wake, ya taimaki mai sheƙa, ya rage sauro, sanyinsa kuma ya gyara shu da salati da tumatir. Yana kuma da sharrinsa: gobara a rumbu da kasuwa, tari da mura, da sanƙarau mai biyo bayan ƙura idan zafi ya fara shigowa. A 2015 cutar ta kama mutum fiye da 8000 a Nijar, ta kashe fiye da 500, kuma Dogon Dutsi na cikin gundumomin da suka fi jin jiki.

A ƙasar Arewa kalmar iska tana da fuska biyu, kuma dattijon, ko da yake ba ya wasa da salla, akwai kogo da gindin itacen da ba ya barin karensa ya shiga. Kakanninsa sun ɗauki duwatsun nan a matsayin mazaunin iskoki, musamman Doguwa mai riƙe da ƙasa, wadda ƴan ƙasa ke yi wa yanka kafin a sari daji ko a fita farauta. Idan ya tsaya ya fuskanci inda iskar ke fitowa, tushen tarihin ƙasarsa yake fuskanta. Can arewa Matankari take, tsohon mazaunin sarakunan Arewa, jikokin Ari ɗan sarkin Barno bisa ga abin da aka gada daga magabata, dalilin da ya sa har gobe Ba'are da Babarbare ke wasan taubasantaka. Gaba da ita Bagaji ce, garin Baura. Arewa maso gabas kuma, cikin karkarar Ɗan Kasari, Lugu take, garin Sarauniya da dutsin Tunguma, wanda aka ce tun daga Daura aka zo da shi, ana kai masa ƙara ya raba gardama.

A Lugu ne, ranar 16 ga Afrilu 1899, rundunar Faransa ta kaftin Vule da kaftin Shanuwan, wadda ta taso daga bakin kogin Isa tana ƙone garuruwa a kan hanyarta ta zuwa tabkin Cadi, ta gamu da mutanen Sarauniya Mangu. Masu kwari da baka ba su iya tsayawa gaban bindiga a fili ba, sai suka ja cikin kurmin da ke kusa da garin, mai sarƙaƙiya da ƙaya, inda suka saba fakewa idan yaƙi ya ci ƙarfinsu. Lissafin Turawan da kansu ya nuna sun ƙone harsashi wajen 7000, an kashe musu mutum 4, an raunana 6, kuma ba su kama Sarauniya ba. Abdulaye Mamani ya mai da labarin littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, har gidan rediyo a Yamai ya ɗauki sunanta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, daji ne ya yi mata garkuwa. Wanda ya dubi doron duwatsun da ke kewaye da Dogon Dutsi a yau, da wuya ya nuna kurmin da zai ɓoye mutanen gari guda ko da na wuni ɗaya ne.

ZOMO GUDA

A ranar da ake ba da labarinta, wajen hantsi karen ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a ɗage, wutsiya a miƙe, hanci na nuna wani cunkushin sabara da ke bayan tudun marmara. Ranar iska zomo ba ya yawo. Yakan lafe inda ya samu kariya ya kwantar da kunnuwa, kukan iska kuma na hana shi jin mai zuwa sai an zo dab da shi. Dattijon ya matso a hankali, ya yi bisimilla, ya saki kare da alamar hannu. Zomo ya fyalle, ya goce dama, ya goce hagu, tsakuwa na tashi a bayansu. Kere ya bar hannu, iska ta kauce da shi, ya faɗi nesa da inda aka nufa. A fili babu abin da zai hana kare cim masa, amma zomon ya san gidansa: ya kai bakin wani kwazazzabo, ya faɗa, ya shige tsakanin duwatsu inda kan kare ba ya shiga. Barsu ya daɗe yana tono kafin ya haƙura ya komo yana haki. Mai shi ya zauna bayan wani dutsi, ya cire masa ƙarangiya da tsidau daga tafin ƙafa, ya zuba masa ruwa a sakaina, sa'an nan shi ma ya dama furarsa. Zomon nan shi kaɗai ne naman da suka gani tun asuba.

Da ƙuruciyarsa ba haka dajin yake ba. Tsofaffin mahalban Arewa suna lissafa abin da suka tarar: barewa da gada, garken zabin daji a kwazazzabai, fakara, dila, da kura mai hana jaki kwana waje. Yau abin da ya rage sai zomo jefi-jefi, kurege, bushiya, damo, da zabi ƙalilan masu tsoron inuwarsu. A da farauta tana da ƙofa: ba mai shiga sai an yi buɗin daji bayan kaka, bikin da ya yi suna a Masalata kusa da Birnin Kwanni, idan damina ta faɗi kuma kowa ya koma gona, daji ya huta. Wannan ƙa'ida ta yi rauni. Ta gwamnati kuwa, wato doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 wadda ta tsara farauta da kiyaye namun daji, ta tanadi takardar izini da lokacin buɗewa da na rufewa, amma ma'aikatan gandun daji kaɗan ne, ƙasa kuma da faɗi. Duk da haka dattijon ba ya ɗora laifin duka a kan bindiga. A ganinsa nama ba ya zama inda babu inuwa da maɓoya, kuma farin 1973 da na 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, sun kashe itatuwa masu yawa, gatari ya zo ya ƙarasa sauran.

Gatarin ma ba shi da nisa. Kafin azahar sun gamu da mata uku, kowace da damin geza da sabara a ka, suna tafiya a karkace, iska na wahalar da su yadda take wahalar da mai kayan kara. Suka ce, «Baba, ina wuni, yaya ɗari?» Ya amsa, ya kira karensa gefe don su wuce. Tun da safe suka fito, domin itacen da uwayensu ke samu a gindin dutsi yanzu sai an yi tafiya mai nisa a bisansa. Bayansu akwai masu amalanke da ke kai wa gidajen gari da masu gasa nama da masu burodi, kuma wasunsu ba su tsaya ga reshe ba, har saiwa suke tonowa. Yawan baki ne ya kawo haka. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta samu miliyan 17. A wannan shekarar, gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, wadda aka cire daga jikinta a 2011, sun haɗa mutum fiye da dubu 640, kuma kusan kowace tukunya a cikinsu da itace take tafasa. Dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara, da dokar gandun daji ta 2004, sun ba mutanen ƙauye damar kula da dajinsu su ci amfaninsa, amma takarda ba ta tsiro.

ABIN DA KE GANGAROWA

Abin da ke biyo baya a rubuce yake a jikin dutsin. Inda geza da sabara da anza suka tsaya, iska na tara rairayi da ganye a gindinsu, ruwa ya samu wurin shiga. Inda aka tumɓuke su, hunturu ya share ƙasar sama ya bar fako mai tauri kamar daɓe. Arewa na samun ruwan sama milimita 500 zuwa 600 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, sau da yawa cikin ƴan hadura masu ƙarfi. Ruwan da ya faɗi bisa fako ba ya tsayawa. Yakan taru ya gangaro da gudu, ya faɗaɗa kwazazzabai, ya ci gonaki, ya shiga unguwannin da ke ƙasa ya kada katangun laka, yashin da ya kwaso kuma ya zube shi cikin kwari. Kwarin nan, Dallol Mauri, wanda ya ratsa ƙasar Samna ta Tibiri da ta Takatsaba wajen Geceme, ya miƙe kudu har ya haɗu da kogin Isa kusa da Gaya, shi ne rumbun rani na yankin: ruwa kusa yake da sama, ana noman rake da rogo da dankali da shinkafa da zogale, motoci na lodi zuwa Doso da Yamai. Kowane tabki da yashi ya cike, kowace fadama da ta koma jigawa, asara ce da ke farawa a bisa dutsi ta ƙare a aljihun manomi da ɗan kasuwa.

Ba duka labarin ne baƙi ba. A wani gefen doron karen ya tsaya yana sansanar wasu ramuka masu siffar rabin wata, an jera su bakinsu na kallon inda ruwa ke fitowa, tare da layukan duwatsu da aka shimfiɗa a gicciye. Aikin mutanen ƙauye ne, irin wanda ake biya da abinci ko kuɗi da rani. A cikin kowane rami akwai busasshiyar ciyawa da ɗan itacen ƙaya da ya kai gwiwa, alhali taki biyu daga nan ƙasa ƙwal take. Dabarar ba baƙuwa ba ce a Nijar. Bayan taron Maraɗi na watan Mayu 1984 kan yaƙi da hamada, aikin Keita a jahar Tawa ya farfaɗo da dubban hekta na fako ta irin wannan hanya. Manoman Maraɗi da Damagaram kuma, ta wurin sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona, sun mai da itace a kan hekta wajen miliyan 5. Abin da ke kashe irin wannan aiki sananne ne: a haƙa, a dasa, a ɗauki hoto ranar 3 ga Agusta, sa'an nan a bar wa awaki. Inda aka sa mai gadi na ƴan shekaru, aka kuma daidaita a kan wanda zai yanki ciyawar da wanda zai sayar, wurin yakan rayu. A irin wurin ne dattijon ke sake ganin sawun zabi.

KOMAWA GARI

Da la'asar ta gabato sai ya juya, ko da yake ƙafa ba ta gaji ba. A da yakan yi kwanaki a daji har ya kai wajen Dogon Ƙirya. A ƴan shekarun nan kuwa, ƴan bindiga masu kai da kawowa tsakanin iyakar Mali da ta Najeriya sun mai da arewacin gundumar wurin da mai hankali ba ya kwana a fili, kuma mutum ɗaya da wuƙa a daji na iya jawo wa kansa tuhuma daga kowane ɓangare. Komowa ta fi sauƙi don iska na turi daga baya, amma a nan ne haɗarin ɓata yake. Hazo ya yi kauri, doron dutsi ko'ina kama ɗaya, babu babban itacen da za a yi alama da shi, bakin gangare kuma ba a ganinsa sai an zo kansa. A irin wannan lokaci dattijon ba ya gardama da karensa. Barsu ya shige gaba, ya bi ta inda ido ba ya ganin sawu bisa marmara, ya kai su daidai bakin hanyar awakin da suka hau da safe.

Suka shiga gari ana kiran magariba, mutum da kare duk fari fat da ƙura, babu komai a rataye sai gorar da ta ƙare. Masu shayi a bakin hanya suka yi masa ba'a yadda suka saba, suna tambayar ina naman, ya yi dariya ya wuce. Wata mota ta tashi daga tasha, an ɗaure mata damman itace bisa kaya.

Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Tsare-tsaren da suka kiyaye dajin Arewa a zamanin da sun yi aikinsu a lokacinsu. Na bana yana hannun hukumomin gari da sarakuna, da ma'aikacin gandun daji da na noma, da malamin lakwal wanda zai iya hawa da ɗalibansa ko da sau ɗaya a shekara, da ɗan kasuwar da zai kawo gas da murhu mai tsimin itace a kuɗin da talaka zai iya. Kafin a zauna taro a biro kan zaizayar ƙasa, yana da kyau wanda zai sa hannu a takardar ya samu safiya ɗaya ta Janairu, ya naɗa rawani, ya nemi mahalbi da karensa su yi masa jagora. Hawan ba ya cin awa guda, gani kuwa ya kori ji.

Shi dai dattijon ya zuba wa karensa dusa a kasko, ya ɗaga kai ya ga taurari ba su fito ba, alamar gobe ma hazo ne. Allah ya sa damina ta tarar da abin da zai riƙe ta a bisa dutsi.